Ƙararrawar Mutuwar Folke

Ana ta cewa Sixten, mai kaɗa ƙararrawar cocin ƙauyenmu, bai yarda akwai Allah ba. Ni ba na sayen zance a bakin mutane, sai na zauna kusa da shi a tashar bas don in ji da kunnena. Wata baƙuwa ta riga ni magana.

"Bawan Allah, wa ke kaɗa ƙararrawa a nan?"

"Ga shi a gabanki. Sunan nan dai ya yi mini yawa."

"Jiya yayana Folke ya rasu. Ya cire sunansa daga rajistar coci tuntuni, aka ce irinsu ba a kaɗa musu ƙararrawar mutuwa. Amma ɗazu na ji ta."

"Ni na kaɗa."

"Ashe ka yi masa addu'a!"

"Haba 'yar'uwa! Ni da Folke ra'ayinmu ɗaya, ba mu da kowa a sama."

"To don wa ka kaɗa?"

"Don ke da duk mai kunne. Mutum ya shekara saba'in a gari, sai ya tafi shiru kamar kaza?"

"Fasto fa?"

"Ya ce in mayar da makullin hasumiyar ƙararrawa ranar Litinin."

Ta riƙe hannunsa har bas ta iso.

Sixten bai yarda akwai Allah ba. Ranar Litinin ya mayar da makullin.