'Yata Ba Likita Za Ta Zama Ba

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Bitrus mai citta ne daga Kafanchan. Da gumina na kai 'yata Rifkatu jami'a, na cika coci da cewa likita za ta zama. Ashe tsarin tafiyar da asibitoci ta karanta. Da na yi fushi sai ta ce, "Baba, ɗakin shan maganin ƙauyenku da kake yawan yabo, wa ya hana magani yankewa?" Nan na tuna marigayi Malam Yohanna, mai hawa keke ya jido magani kafin damina ta datse hanya. Shi ma ba likita ba ne. Ranar Lahadi za mu yi godiyar kammala karatunta a coci. Jama'a, da wane baki zan gyara maganata?