Ranar Garhanga da Ta Ɓata Cikin Waya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, magadan gari na Madawa, Buza da Keita, hakimai da arɗo-arɗo, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a makiyaya da manoma, ina gaishe ku gaba ɗaya. Na gode da kunka baro aikinku kunka zo, na kuma gode wa ƙungiya da ta ba ni dama in yi magana.

Sunana Rahinatu Kalla. Ni na tsara shafin intanet na ƙungiyarmu, inda ake sanya ranakun allurar dabbobi. Na zo in faɗi kuskurena da bakina.

Na farko, shafin nan a buro, wato ofis, na gina shi, bisa babban ordinater, wato kwamfuta, mai faɗin gilashi. A can komi ya zauna daidai: sunan gari a hagu, ranarshi a dama, layi bisa layi. Na duba, na yaba wa kaina. Ban tuna ba cewa cikin mutanenmu babu mai ordinater a ruga, waya ce cikin aljihu, ita ma ƙarama. Da shafin ya shiga waya sai ya matse, layukan sunka karye, ranar Urno ta faɗo ƙarƙashin sunan Garhanga.

Na biyu, abin da wannan ya jawo. Baba Sanda, ga shi can zaune, ɗiyarshi Asiya ta karanta mishi a waya cewa ranar Garhanga Laraba ce. Ya koro shanu arba'in zuwa can, tafiyar wuni guda, ya iske masu allura sun tashi tun Litinin. Damina ta kusa, garke zai yi arewa, kuma babu mai son tura shanu cikin dubban shanu ba allura. Da na je ba shi haƙuri, na fara yi mishi bayanin cewa a ordinater daidai yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗiyata, wanga babban gilashi naku ban taɓa ganinai ba. Ni abin da ag ga hannuna shi na bi." Wallahi na ji kunya.

Na uku, gyara. Yanzu daga waya muke fara tsarawa, sannan mu faɗaɗa wa ordinater. Gari guda, rana guda, rubutu manya, babu hotuna masu nauyi da rezo, wato sabis na waya, ba ya iya ɗauka. Kuma babu sanarwar da za ta fita sai makiyayi uku sun karanta ta a wayoyinsu.

Masu allura sun yarda su koma Garhanga Alhamis mai zuwa. Baba Sanda, wannan karon ba sai ka koro shanu ba, mu za mu iske ka a rugarka, ni ma ina cikin motar masu allura.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare dabbobinmu, shi maida kowa gida lafiya. Na gode.