Kaza a Ƙofar Kotu

A bencin ƙofar kotu wata tsohuwa ta rungumi kazarta ta miƙe. Budurwar da ke gefenta, ma'aikaciya a ofishin da ke taimaka wa lauyoyin gwamnati, ta ga shaidarsu ɗaya tilo za ta sulale.

"Ina zuwa, Iya? Yanzu za a kira ki."

"Gida, 'yar nan. Ɗan sandan can ya ce kaza ba ta shiga."

"In kika tafi, direban da ya kaɗe ɗan maƙwabciyarki ya sha ke nan. Kawo ta in riƙe."

"Da wannan kwat ɗin taki? Da iliminki?"

"Da digirina ma. Na riƙe jarirai a bencin nan, har gadin keken ɗinki na yi. Oga ya yi ta faɗa, wai don jigilar fayil aka ɗauke ni, ba raino ba. Ban fasa ba. Da aka zo sabunta ayyukan ofis, na kafe sai da suka sa kula da shaidu a ciki."

"Har da kajinsu?"

"Cewa na yi su rubuta, da duk abin da suka zo da shi."

Tsohuwa ta yi dariya, ta ɗora mata kazar a cinya.

"To, in ta yi ƙwai, nawa ne."

"In ta yi kashi fa, Iya?"

"Wannan kuma na gwamnati ne."

Masinjan kotu ya kira tsohuwar, ta gyara mayafi ta shiga.