Lauyan Kamfanin Magani a Layin Asibiti

A ɗakin jira na wani asibitin Kumasi, tsohon lauya Ofori yana zaune kusa da wata mai sayar da kifi, ba su san juna ba.

"Baba, kai ma ciwon hanta ne?" ta tambaye shi.

"Shi ne, 'yar'uwa."

"Ka yi sa'a. Yanzu doka ta ba kamfanin gida izinin haɗa maganin, ko Turawan da suka ƙirƙiro shi ba su so ba."

"Ai su ma sun sha wahala. Haƙƙinsu ne."

"Haka lauyansu ya yi ta faɗa a kotu, shekara uku yana jan shari'a. Ana cikin haka na binne mijina."

"Shekara biyu da wata takwas ne," ya ce, kafin ya kama bakinsa.

Ta dube shi tun daga takalmi har sama. "Ashe kai ne."

Ofori ya sunkuyar da kai. Aka kira lambarta.

"Shiga, Baba. Idonka ya fi nawa rawaya."

Ya tashi ya shiga, bai iya ce mata ya gode ba.