Takalman Rifkatu da na kai wa mai walda

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu!

Kun san ni, dillaliyar albasa ce a Tsarnawa. Da tire na fara, yau mota nake lodawa. Abin da na dogara gare shi idona ne: ba a sayar mini da ruɓaɓɓe.

An haifi ɗiyata Rifkatu ƙafafunta a murɗe, suna duban juna. A asibiti suka yi ta naɗa mata filasta har suka miƙe, sannan suka ba ni takalma biyu haɗe da sandar ƙarfe, kowane ya karkata waje. Suna bayani, ni ina waya da direba.

Da na iso gida na duba, na ce an ba ni aikin banza. Na kai wa mai walda ya daidaita su sak. Har na yaba wa kaina!

Ƙafa ta sake murɗewa.

Da na mayar da ita asibiti, ma'aikaciya ta juya takalman a hannunta. "Madam, wa ya taɓa wannan? Ai karkatar ita ce maganin. In kika sake, yarinyar nan da gefen ƙafa za ta yi tafiya."

A gindin bishiyar bedi ta ƙofar asibitin na durƙusa. Na ce, "Ubangiji, wayona ya gurgunta ɗiyata. Ka gafarta mini. Ka ba ni kunne, ka ba ni taurin rai."

Ya ba ni! Aka sake filasta, aka sake takalma. Wata uku dare da rana, sai wanka kawai nake cirewa. Goyo ya gagara, don sanda ta hana, sai na riƙa ɗaukarta a ƙirji har kasuwa.

Gwaggona ta tare ni gaban masu awo. "Ke Saratu, mari kika sa wa jinjira? Wace sata ta yi? Ciro shi!"

Na ce, "Gwaggo, ki gafarce ni, amma ko kasuwar nan duka ta taru, ba ya fita."

Suka ce ba ni da imani. Na bar su suna faɗi.

Shekara huɗu tana barci da su. Yau ga ta can, ku duba wadda ke tsere tsakanin benci, ta ƙi zama. Kada wanda ya kama ta!

Na gode wa Yesu. Uwar da aka ba ki ƙarfen nan, ɗaura shi yadda aka ce, ki dogara ga Ubangiji. Masu magana za su gaji. Amin!