Tsadar Zama Darakta

Ina zaune a tashar Mando ina jiran mota ta cika, wasu dattawa biyu suna zance a bayana. Ban juya ba, don ba halina ba ne.

Na farkon ya ce, "Wata mai zuwa zan yi ritaya, kuma hayar gidana a Abakpa ta fi ƙarfin fansho."

Ɗayan ya ce, "Ka koma garinku mana, Malam. Babu haya, ga hatsi a rumbu, ga iska."

"Ai can ya fi tsada."

"Ƙauyen?"

"Shekara talatin ina masinja. Ranar da na fara zuwa gida da takardu a hammata, suka ce Darakta ya iso, ni kuma ban gyara musu ba. In na koma, ragon suna ni, rufin masallaci ni. Kuma Darakta ba ya cin tuwo ba nama. A nan kowa ya san ni, ba mai roƙona."

"Ka faɗa musu gaskiya."

"Da wane bakin? Kai da ka iya shawara, me ya hana ka komawa naku?"

Ɗayan ya rage murya.

"Ni direba ne. A garinmu kuwa Babban Sakatare nake. Ko Sallah ba na zuwa."