Kabarin da Baba Ya Ɓoye

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Daga ƙasar Gumel nake rubutowa, amma don Allah a sakaya sunana.

Babanmu tsohon soja ne. Lokacin yaƙin basasa suka tafi tare da wani amininsa, aka kama su tare, aka tsare su a wani kango cikin daji. Baba ya dawo daga ƙashi sai fata, aminin bai dawo ba. Duk wanda ya tambaya sai Baba ya ce, "Raba mu aka yi, ban san inda aka kai shi ba."

Kwana biyu kafin rasuwarsa ya kira ni ya ce, "Ƙarya na yi. Yunwa ce ta kashe shi, kansa a kan cinyata. Da hannuna na tona rami na rufe shi, ba wanka, ba likkafani, ko gabas ban gane ba. Da na ga idon mahaifiyarsa sai na kasa faɗa."

Malam, Allah ya jiƙan Baba, amma raina ya ɓaci. Aminin nan nasa ba a yi masa zaman makoki ba, ba a yi masa sadaka ba. Matarsa ba ta yi takaba ba, ta ƙi aure, tana jira. Yanzu ta tsufa, ko gani ba ta yi. Da ta zo mana gaisuwa ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, yanzu wa zan riƙa tambaya?"

Masu sauraro, ku ba ni shawara. In je in faɗa mata, ko in bar ta tana jira?